Kokawa Uku, Kaye Uku: Daga Fagen Rairayi Zuwa Allon Talabijin

Saurayin da ya tashi a Ƙofar Marusa ta birnin Katsina yau yana iya kallon kokawa iri uku a waya ɗaya kafin a kira isha'i. Ga ta Nijar, ƙarti biyu a cikin rairayi, makaɗa na zuga su. Ga ta Olamfik, a kan katifa mai da'ira, alƙali yana ɗaga yatsu yana raba maki. Ga kuma ta Amurka da yara ke kira resilin, inda ƙato zai hau igiya ya diro kan ɗan uwansa, a kwaɗa wa wani kujera a gadon baya ya miƙe ya ci gaba. Shi ya sa musu ba ya ƙarewa a majalisa da gidajen kallo: wacce ce ta gaske, kuma wa zai kayar da wa? Tambaya guda ce take raba wannan gardama. A kowace ɗaya, me ake lissafawa a matsayin kaye, kuma wa yake yanke shi? Amsar ita ke tsara jikin ɗan wasa, da dabararsa, da tsawon karawar, har da ƙofar da kuɗi ke shigowa.

Mu fara da tamu ta gida. Kokawa a ƙasar Hausa wasan kaka ce. Gero da dawa sun shiga rumbu, aikin gona ya sassauta, samari sun ƙoshi, sai ƙauye ya gayyaci ƙauye. An fi sanin dambe da mahauta, kokawa kuwa ta manoma ce, kuma dokarta gajeriya ce: wanda ya fara zuwa ƙasa ya faɗi. Baya, ko haƙarƙari, ko mazaunai, ko kai, duk wanda ya taɓa ƙasa magana ta ƙare. Akan ɗan bambanta daga fage zuwa fage a kan hukuncin gwiwa da tafin hannu, amma ginshiƙin ɗaya ne. Kaye ɗaya ake yi, ba a sakewa.

Tsaya bakin fage ka duba abin da wannan doka take haifarwa. 'Yan kokawa biyu sun shigo, kowa ya ɗebi rairayi ya murza a tafi don kada gumi ya sa hannu santsi. Ba sa tsayawa a miƙe. Kowa ya ranƙwafa, ya ware ƙafafu, ya tura ƙugu baya, domin ƙafa da ƙugu su ne abin da abokin karawa yake farauta. Sai a fara wasan hannu: wannan ya kai wa wuya cafka, wancan ya kaɗe, wannan ya yi kamar zai sunkuya ya ɗauki ƙafa, wancan ya ja da baya taku ɗaya. Baƙo zai ce ɓata lokaci suke yi. Auna juna suke yi, kowa yana neman sanin ƙafar da ɗan uwansa ya ɗora wa nauyi. Idan suka sarƙe, goshi ya haɗu da kafaɗa, wanda ya fi wayo zai tura kaɗan. Ɗayan ya turo don ya rama, sai a sakar masa hanya a harɗe ƙafar da ta rage. Abin da aka yi minti goma ana dafawa sai ya nuna cikin ƙiftawar ido, guɗa ta tashi, a sungumi gwani a zagaya fage da shi.

Tunda kuskure ɗaya ya isa, haƙuri ya fi zafin nama daraja a wannan fage, shi ya sa dattijon ɗan kokawa yakan kayar da matashin da ya fi shi ƙwanji. Kirari da kiɗa da layu da guraye da ake shigowa da su duk suna aiki ne a kan zuciya. Wanda gabansa ya faɗi tun kafin a kama shi zai yi gaggawa ko ya noƙe, kuma kowanne daga ciki hanyar zuwa ƙasa ce.

Wannan wasa na ƙauye shi ne 'yan uwanmu na Nijar suka ɗauka suka mayar abin ƙasa baki ɗaya. Daga Katsina zuwa Maraɗi, ta Jibiya, tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba, kuma sarautar Maraɗi ta Katsinawa ce da suka koma can bayan jihadi. Kokawarsu da tamu uwa ɗaya uba ɗaya ne. Abin da suka ƙara mata shi ne tsari. A 1975, zamanin Seyni Kountché, aka yi gasar ƙasa ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya lashe ta. Daga nan gasar ta riƙa zagaya manyan birane. Yau jihohi 8 ne ke shiga: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai. Kowace tana kawo 'yan kokawa 10, a tashi da mutum 80, a shafe kusan kwana goma ana fafatawa.

Jiha ce ke karawa da jiha, amma takobin da ake ba zakara na mutum ɗaya ne, kuma wanda aka kayar ya fita daga sahun masu nemansa. Saboda haka kullum da yamma tambayar da ke bakin masu sauraron rediyo ita ce: saura mutum nawa ba su faɗi ba? Adadin yana raguwa har ya koma biyu. Ba a raba su da sikeli, mai ƙaramin jiki yana iya haɗuwa da ƙato. Don kada wani ya yi ta kewaye-kewaye yana gudun kamu, alƙali yana da usur da gargaɗi, kuma gargaɗi yana iya kayar da mutum ko bai taɓa ƙasa ba. Wanda ya rage a tsaye shi ake naɗawa sarkin kokawa, a ba shi takobi da kuɗi da kyaututtuka. Kadri Abdu na Doso, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, ya ɗauki takobin karo na 6 a Agadas a ƙarshen 2023. Ba a kuma manta da na baya ba: filin kokawa na Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi, na Doso kuma sunan Salma Ɗan Rani.

Da aka zo haɗa ƙasashe, sai aka shigo da sikeli. A gasar kokawar gargajiya ta ƙungiyar ECOWAS ana raba 'yan wasa a ajin kilo 66, 76, 86, 100 da 120. An saba yin ta a Yamai da Dakar, a watan Maris na 2025 kuma aka yi ta a Abuja.

Kokawar katifa, wadda ake yi a Olamfik, ta sauya ma'anar kaye, sai komai ya sauya tare da ita. A can zuwa ƙasa ba faɗuwa ba ne, sau da yawa ma a nan aikin yake farawa. Kaye cikakke shi ne a danne kafaɗun mutum biyu a kan katifa lokaci guda. Idan hakan bai samu ba, maki ne ke hukunci. Ana yin turmi biyu na minti uku-uku, da hutun daƙiƙa 30 a tsakani. Ka kai mutum ƙasa ka mallake shi, maki 2. Ka juya bayansa ya fuskanci katifa, maki 2. Ka tura shi wajen da'ira, maki 1. Ka cira shi sama ka maka, maki 4 ko 5. Salo biyu ne: a ɗaya an yarda ka kama ko'ina har ƙafa, a salon Girka da Rum kuwa ba a kama ƙasa da ƙugu, ba a kuma taɗiya. Tazarar maki 10 a na farko, ko 8 a na biyu, tana tsayar da wasa nan take.

Wannan doka ce ta sa za ka ga wanda aka kifar ya kafa ƙeya da tafin ƙafa a katifa, ya banƙare baya sama, wuyansa na ɗauke da nauyin mutum biyu, duk don kada kafaɗa ta sauka. Shi ya sa wuyansu yake da kauri, shi ya sa kuma suke gudu da horon numfashi, domin minti shida ba tsayawa ba wasa ba ne. Gwanin rairayi da ya hau katifa zai tarar ya iya rabin aikin, wato tsayuwa da ɗaukar ƙafa. Rabin da ake yi a kwance sai ya koya daga tushe.

Najeriya tana da suna a wannan fanni, amma yawancinsa daga kudu ya fito, musamman Bayelsa. Daniel Igali, ɗan can, ya ci wa Kanada zinare a Sidni a 2000, daga baya ya dawo gida ya shugabanci hukumar kokawa ta ƙasa. Blessing Oborududu ta ci azurfa a ajin kilo 68 a gasar Tokiyo da aka yi a 2021, lambar Olamfik ta farko da Najeriya ta samu a kokawa. Su ma mutanen Bayelsa suna da kokawar gargajiya kamar mu. Sun dai sami masu horarwa da suka haɗa ta da katifa.

Amurka kuwa a makaranta ta dasa tata kokawar katifar. Ɗan sakandare yana shiga ƙungiyar makarantarsu, a auna shi a sa shi ajin nauyinsa, ya yi turmi uku na minti biyu-biyu da tsararsa daga wata makaranta. Daga gunduma ya wuce gasar jiha, idan ya yi fice jami'a ta ɗauke shi ta biya masa karatu. Kamaru Usman, haifaffen Auchi a jihar Edo, ya koma Amurka yana yaro, ya fara kokawa a wata sakandare a Teksas. A 2010 ya zama zakaran rukuni na biyu na jami'o'in ƙasar, a 2019 kuma ya ɗauki kambun gasar faɗa ta UFC. Tsani ne mai matakai, kowane mataki da alƙalinsa da rajistarsa.

Saura ta uku. A WWE, kamfanin resilin na Amurka, kaye shi ne alƙali ya bugi dandamali sau uku kafaɗun mutum suna ƙasa, amma an riga an yanke wanda zai yi nasara tun kafin a kunna fitilu. Akwai marubuta da ke tsara wa ake so, wa ake ƙi, wa zai ci amanar wa. Kamfanin da kansa ya faɗa wa 'yan majalisar jihar New Jersey a 1989 cewa abin da yake yi nishaɗi ne, ba gasa ba, don a cire shi daga dokokin hukumar wasanni. Mutum biyun da ke kan dandamali abokan aiki ne. Wanda ake ɗagawa yana taimakawa da tsalle. Wanda zai faɗi ya koyi sauka da faɗin baya, ya manna haɓa a ƙirji, ya shimfiɗa hannuwa su bugi dandamali tare, nauyin ya bazu, ƙara kuma ta cika zaure. Tunda ba a gasar ake ciniki ba, a labari ake yi, shi ya sa Undertaker ya ci wasa 21 a jere a bikin WrestleMania kafin a tsara Brock Lesnar ya karya tarihin a 2014.

Sakamakon ne tsararre, ciwon na gaske ne. Ƙashi yana karyewa, ƙwaƙwalwa tana girgiza, kuma Owen Hart ya rasu a 1999 bayan ya faɗo daga saman zaure ana cikin shiri. Iyaye su lura da wannan sosai. Yaron da ya ɗaga ƙanensa zai maka a kan siminti yana kwaikwayon mutanen da suka shekara suna koyon faɗuwa, a kan katako mai ɗan laushi, da abokin da ke tare masa kai. Idan yaro yana son kokawa, rairayi da babba mai sa ido sun fi masa.

To ina muka tsaya? Ƙarfi da gwaninta ba su ƙare a ƙasar Katsina ba. Ana kokawa a bukukuwa, ana yin ta a Argungu, tana kuma cikin wasannin gargajiya na bikin wasanni na ƙasa, wanda aka faro a Legas a 1973. Abin da ya yi ƙaranci shi ne matakan tsakiya, waɗanda za su ɗauki yaro daga dandalin unguwa su kai shi inda za a san sunansa. Kayan aikin ba su da tsada: tifar yashi, buhunan da za a kewaye fage, usur, sikeli, littafin rajista da mai ba da agajin gaggawa. Unguwannin ƙofofin birni, Marusa da Ƙaura da Guga da Sauri da Durɓi da Yanɗaka da Kwaya, sun isa su yi zagayen farko. Makarantun sakandare su yi nasu bisa nauyi da shekaru, ƙananan hukumomi 34 su fitar da gwanayensu, a haɗu a babban birni bayan kaka.

Sharaɗi mafi nauyi shi ne lokacin ya tsaya, a san shi kamar yadda aka san ranar kasuwa, kada ya zama sai shekarar da wani mai muƙami ya ga dama. Ɗan kokawa ba zai yi wata shida yana horo don gasar da bai tabbata za a yi ba, ɗan kasuwa ma ba zai sa kuɗinsa ba. Kafin 1975 an yi gwanaye da yawa a ƙasar Hausa waɗanda sunansu bai wuce ƙauyuka kaɗan ba. Ana tuna Kantu bayan shekara 50 ne saboda an rubuta nasararsa, an kuma sake buɗe fage bayansa, wani ya zo ya nemi abin da ya ɗauka. Wannan aiki ne da hukumar wasanni, da masarauta, da shugabannin makarantu za su iya farawa a kaka mai zuwa.