Fankar matacciyar kwamfuta na tsawaita ran risiba a ƙauyukan Jazira

Duk wanda ya taɓa yin bazara a Mai Wurno, ko a ƙauyukan Hausawa da ke kewayen Madani da Sinnar har zuwa Damazin, ya san me ake kira zafi. A watannin Afrilu da Mayu yakan wuce maki 40, kuma a ɗakin kwano ya fi haka. Mutum dai zai nemi inuwa ya sha ruwan randa. Risibar dish da ke can lungun kanta, an lulluɓe ta da ƙyalle don gudun ƙura, ita ba ta da inda za ta gudu. Sai ana tsakar kallon labarai ko wasan Hilal da Marrikh hoto ya daskare, ta mutu, ta sake tashi da kanta.

Kafin yaƙi, in ta ƙone sai a ba wani mai tafiya Khartum saƙo. Da rikici ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, aka wawushe manyan kasuwannin Khartum da Omdurman, wannan hanya ta toshe. Madani ita ma ta faɗa hannun dakarun RSF a Disambar 2023, sai a Janairun 2025 sojoji suka karɓe ta. Kaya sun yi tsada, wuta ta zama sai an gani, gidaje da yawa sun koma kan sola da batir. Ga mai gidan kallo, wanda a nan ake cewa nadin mushahada, mutuwar risiba ɗaya na nufin rufe hanyar abincinsa.

Maganin kuwa yana nan cikin tarin tsofaffin kwamfutocin tebur da ke jibge a shagunan masu gyara. Ko kwamfuta ta mutu, fankarta galibi tana da sauran rai. Irin wannan fanka faɗinta yakan kai santimita 8 ko 12, tana aiki da wutar batir mai volt 12, kuma abin da take ci bai fi wat biyu zuwa uku ba. Ke nan batirin solar da ke riƙe talabijin zai ɗauke ta ba tare da ya ji a jikinsa ba.

Me zafi ke ɓatawa? Abin da ya fi saurin lalacewa su ne kafasito, ƙananan gwangwanayen nan da ke tsaye a kan allon wuta. Akwai ruwa a cikinsu, zafi kuma yana busar da shi. Ƙa'idar da masu ƙera su ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin maki 10 na zafi yana raba tsawon rayuwarsu biyu. In ka rage maki 10 kuwa, ka ninka ta. Shi ya sa idan mai gyara ya buɗe risiba ya ga kan kafasito ya kumbura, ba ya buƙatar a faɗa masa inda ake ajiye ta.

Haɗawar ba ta da wuya, amma tana son natsuwa. A fanka mai waya uku, baƙa ita ce ta ƙasa, ja ita ce ta wuta, rawaya kuma ta ƙidayar juyawa ce, sai a naɗe ta a bar ta. A mai waya huɗu launukan sukan sauya, sau da yawa rawayar ce ke ɗauke da volt 12, don haka a gwada da mita tukuna. Wanda ke son ƙarancin ƙara zai iya jona ta a ramin USB mai volt 5: za ta juya a hankali, ko da yake wasu fankokin ba sa tashi a haka sai an ba su 12. In daga batir za a ɗauko wutar, a sa ƙaramin fiyus a tsakani. Waya ɗaya da ta taɓa 'yar uwarta ta isa ta kunna wa ɗaki wuta.

Sai kuma inda za a ɗora ta. Iska tana fita ne ta gefen da ƙafafun roba ke riƙe da injin. A kwantar da fankar a kan ramukan saman risiba yadda za ta zuƙo zafin waje, a ɗaga risibar da murafun kwalba guda huɗu domin iska ta shiga ta ƙasa. Ƙyallen ado nan, Hajiya ta yi haƙuri, a cire shi muddin na'ura tana kunne. Haka ake yi wa amfilifaya, da akwatin intanet, da inbata.

Fanka tana jawo ƙura, musamman lokacin habub, guguwar ƙasar nan. A rufe mashigar iska da guntun gidan sauro, a riƙa kakkaɓe ciki da buroshi mai laushi bayan an zare wuta.

Abu ɗaya da bai kamata yaro mai son gwaji ya taɓa ba shi ne cikin akwatin wutar kwamfuta. Ko an zare shi daga soket, manyan kafasitonsa na iya riƙe wutar da za ta yi kisa. Wannan fankar a bar wa mai gyara ya ciro ta.

Kakannin mutanen Mai Wurno sun zo bakin wannan kogi ne bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa gari da ɗan abin da suka iya ɗaukowa. Jikokinsu da suka komo gida bayan gudun hijira suna lallaɓa abin da yaƙi ya bari. Kafin a sayar wa mai gwangwan tsohuwar kwamfuta da kilo, a kwance fankar tukuna.