Komawa ɗaga ƙarfe: barci da hutu kafin ƙwaya da gari

A 'yan shekarun nan na lura da wani sauyi a Haɗeja. Magidanta sa'annina, waɗanda suka ajiye motsa jiki tun suna samari, sun fara komawa wuraren ɗaga ƙarfe, wasu saboda tumbi, wasu saboda likita ya tsorata su da hawan jini. Abin a yaba ne, domin ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 sun shawarci baligi da ya yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Damuwata ita ce hanyar da mutane da yawa ke bi don cim ma burin nasu cikin gaggawa.

Tsoka ba ta ginuwa a lokacin da ake ɗaga ƙarfe. Nauyi yana gajiyar da ita ne, sannan jiki ya gyara ta, ya ƙara mata ƙarfi yayin hutu da barci. Masana sun ce baligi na buƙatar barcin sa'a 7 ko fiye a dare. To, ga magidancin da ke lissafin kuɗin taki da famfon ban-ruwa, yana fargabar ambaliya irin ta 2022 da ta cinye gonakin shinkafa a kwarin nan, ga zafin bazara da sauron fadama, barcin nan ba ya samuwa da sauƙi. Damuwa mai ɗorewa tana ɗaga sinadarin kotizol, wanda yawansa ke hana barci, ya kuma jinkirta murmurewar jiki.

A nan ne ake faɗawa tarko. Mutum ya kwana bai runtsa ba, sai ya nemi ƙarfi a lemon gwangwani mai sa kuzari ko garin da ake sha kafin atisaye. Abin da ke aiki a cikinsu galibi sinadarin kafeyin ne, irin na goro da shayi. Hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta ce miligiram 400 a yini ba ya cutar da lafiyayyen baligi, amma rabin abin da aka sha yana nan cikin jini bayan kimanin sa'a 5. Wanda ya sha bayan la'asar zai kai tsakar dare idonsa biyu, zuciya na bugawa, gobe kuma ya ƙara sha.

Mafi muni shi ne ƙwayoyin da ake kira “sha ka fashe”. Deksametazon, wanda ake sha don a yi ƙiba, yana kumbura fuska da tara ruwa, ya ɗaga sukari da hawan jini, ya kuma raunana tsokar da ake son ginawa. Allurar gina ƙwanji kuwa tana taɓa hanta da zuciya, tana rage ƙwayoyin haihuwa.

Mu mazauna wannan kwari, daga Haɗeja har Gashuwa, mun daɗe muna kokawa da ciwon ƙoda. Haɗa atisaye mai tsanani cikin zafin Afrilu da ƙarancin shan ruwa da magungunan ciwon jiki irin su dikilofenak da ibufurofen nauyi ne babba a kan ƙoda. Duk wanda ya ga fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi bayan atisaye, tare da ciwon tsoka mai tsanani, ya nufi asibiti a ranar.

Shawarata ga mai komawa ita ce ya fara auna jininsa, ya soma da kusan rabin nauyin da ya saba ɗagawa a da, ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, yana barin kwana ɗaya tsakani. Ya zaɓi sanyin bayan asuba, ya rataya gidan sauro, ya ajiye waya da wuri. Kifin kasuwarmu, wake, gyaɗa, ƙwai da nono sun wadatar wajen gina tsoka. In kuwa dole sai ya sayi wani gari, ya duba lambar NAFDAC, ya kuma nuna wa likita, musamman in yana da hawan jini ko ciwon sukari. Sannu ba ta hana zuwa, kuma iyalin da ke jiran cefane sun fi buƙatar ƙodarsa a kan faɗin ƙirjinsa.