Manhajar da Ba ta da Mai Ita, da Manhajar Waƙafi

Kwamitocin masallatai a Boɗinga da Shagari sun fara tunanin barin littafin rajista su koma kwamfuta wajen lissafin zakka. Kafin a kashe kuɗin masu bayarwa, akwai tambayar da ya kamata a warware: idan aka ɗauko manhajar kyauta, aka biya wani ya gyara ta, gyaran na wane ne?

Amurka ta riga mu cin karo da wannan. A dokarta, abin da ma'aikacin gwamnatin tarayya ya rubuta a bakin aikinsa ba shi da haƙƙin mallaka. Saboda haka VistA, manhajar asibitocin tsofaffin sojoji wadda aka soma ginawa a ƙarshen shekarun 1970, ta zama halas ga kowa; har ƙasar Jodan ta ɗora shirinta na Hakeem a kanta a 2009. Sai dai abin da ba shi da mai shi, hukuncinsa ya yi kama da na matacciyar ƙasa a fiƙihu: wanda ya raya ta, shi ke da ita. Kamfani na iya ƙara nasa gyaran, ya kulle, ya sayar.

Masu gyaran sa-kai suka rabu biyu. Ƙungiyar WorldVistA ta zaɓi lasisin GPL, mai sharaɗin cewa duk wanda ya rarraba manhajar da ya gyara, dole ya haɗa da rubutunta na asali a kan wannan sharaɗin. OSEHRA kuwa, wadda aka kafa a 2011, ta ɗauki lasisin Apache, wanda ya bar kowa ya ɗiba ko da zai kulle nasa ƙarin.

Ɗalibin fiƙihu zai ga kamanni nan take. Apache kyauta ce. GPL ta fi kusa da hubusi, irin na gonar Sayyidina Umar a Haibara, wadda aka tsare asalinta aka saki amfaninta, kuma sharaɗin mai waƙafi ke bin dukiyar duk hannun da ta shiga. Kamannin bai cika ba, domin GPL ba ta hana karɓar kuɗi. Ɓoyewa ta hana. Ba kuma ƙiyasin fatar baki ba ne: Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa ta amince a Kuwait a 1988 cewa haƙƙin ƙirƙira dukiya ce, sannan a Sharja a 2009 ta halatta yin waƙafinsa.

A Najeriya lamarin ya bambanta, domin doka ta ba gwamnati haƙƙin mallakar ayyukanta. Manhajar hukuma ba ta zama ta kowa don kawai ta shigo hannu. Sai an nemi izini a rubuce.

A ganina, gyaran da aka biya da sadaka, kamar mayar da manhaja Hausa, ko koya mata nisabin gero da na tumaki, ya cancanci sharaɗi irin na GPL, a rubuta shi cikin yarjejeniya tun kafin a biya kafin alƙalami. In ba haka ba, abin da Boɗinga ta biya, Shagari za ta sake biya. Sunayen mabuƙata da na masu bayarwa kuwa ba sa cikin abin da lasisi ke buɗewa. Waɗannan amana ce a hannun kwamiti.