Gasasshen Farin Kifi Mai Rigar Cuku: Abincin Dare Ga Mai Son Rage Ƙiba Ba Da Yunwa Ba

 Yau baƙon girki na kawo muku, kuma da dalili na kawo shi. A 'yan kwanakin nan tambayar da ta fi yawa a wasiƙunku ita ce ta rage ƙiba da tumbi. Wata ta ce biki ya matso kuma ɗinkin ya ƙi shiga, wata ta ce ƙawaye sun sa ta a gaba da tsiya a makaranta. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne hanyar da wasunku suka ɗauka: a ƙi cin abincin dare gaba ɗaya, a wuni ana kurɓar ruwan lemon tsami, ko a sayo wani shayi da ba a san abin da ke cikinsa ba a yi ta ɗirka. Ƙarshenta sai jiri da ciwon kai da saurin fushi, sannan bayan mako biyu yunwa ta ci ƙarfin yarinya ta koma ta ci ninkin abin da ta bari. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

To 'yar'uwa, ga magana ɗaya da nake so ki riƙe. Ana iya rage nauyin abincin dare kuma a kwana da ƙoshi. Wannan kifin da zan koya miki yana daga cikin hanyoyin da suka fi sauƙi, domin daga wanke hannu zuwa sauke shi bai kai rabin awa ba.

Daga ina girkin ya fito?

Girkin Turawa ne, an fi yin sa a gidajen Amurka da na Turai, musamman masu bin tsarin cin abinci mai ƙarancin sitaci, wato rage shinkafa da burodi da taliya da dankali da sukari, a ƙara nama da kifi da ƙwai da ganye. Tsarin ya daɗe. A shekarar 1863 wani mutumin Landan mai sana'ar shirya jana'iza, William Banting, ya buga ɗan ƙaramin littafi yana ba da labarin yadda ƙiba ta dame shi har likita ya ba shi shawarar ya rage burodi da sukari da dankali, ya kuwa zubar da sama da kilo 20 cikin kimanin shekara guda. Littafin ya yi farin jini har sunan mutumin ya zama kalmar da Turawan Ingila ke nufin rage ƙiba da ita. A 1972 kuma wani likitan zuciya a Amurka, Robert Atkins, ya fito da nasa littafin, tsarin ya sake bazuwa a duniya.

A da idan Bature zai gasa kifi, garin busasshen burodi yake barbaɗa masa don ya yi ƙamas-ƙamas. Masu gudun sitaci sai suka cire garin burodin suka bar cuku ya yi aikin. Cukun da suka fi amfani da shi shi ne Parmesan, ɗan asalin arewacin Italiya, yankin biranen Parma da Reggio Emilia. Madarar shanu da gishiri da sinadarin daskarar da madara kawai ake sa masa, sai a ajiye shi ya kwana aƙalla wata 12 kafin a sayar. Kimanin lita 14 ta madara ke ba da kilo ɗaya, shi ya sa yake da tsada, shi ya sa kuma ɗan kaɗan yake isa. Saboda ya bushe sosai, idan wuta ta taɓa shi ba ya zama ruwa ya malale, sai ya yi ja ya ƙame a jikin kifin kamar ɓawo.

Me ya sa farin kifi?

Farin kifi shi ne mai farar tsoka wanda kitsensa kaɗan ne. A can ƙasashen sun fi amfani da kifayen teku mai sanyi da kuma karfasa, wadda su kiwonta ake yi a kai musu, mu kuwa ga ta a madatsun ruwanmu da kogunanmu. Giwan ruwa ma ya dace ƙwarai don tsokarsa mai kauri ce kuma ƙayarsa ba ta da yawa. Fanla ta ƙanƙara ita ma tana yi. Amma titus da sardin masu maiƙo ne, tarwaɗa ma haka, idan aka haɗa su da cuku sai abin ya yi gundura.

Ga lissafin. Giram 100 na tsokar karfasa yana da kimanin giram 20 na furotin, wato sinadarin gina jiki, kitsen bai kai giram 2 ba, sitaci kuwa babu ko kaɗan. Giram 100 na dafaffiyar farar shinkafa yana da kusan giram 28 na sitaci, kin kuwa san farantin da muke cikawa ya ninka haka sau uku. Furotin yana daɗewa a ciki kafin ya narke, don haka wadda ta ci kifi da ganye ba ta farkawa tsakar dare tana laluben tukunya. Matsalar farin kifi ɗaya ce: da yake ba shi da kitse, da an ɗan bar shi a wuta sai ya bushe ya zama kamar auduga a baki. Nan ne amfanin rigar cukun, tana tare danshin a ciki, tana kuma ba shi ɗanɗanon da shi kansa ba shi da shi.

Kayan haɗi, na mutum huɗu

Tsokar farin kifi yanka 4, kowanne kamar faɗin tafin hannu
Gogaggen cuku babban cokali 8, kimanin giram 50
Mayonis, wato abin da muke ce wa bama, babban cokali 3
Bota mai laushi babban cokali 2
Lemon tsami 2
Tafarnuwa ƙwaya 2, a daka
Masoro rabin ƙaramin cokali
Garin barkono ko dakakken attaruhu, gwargwadon bakinki
Ganyen albasa kaɗan

Yadda ake yi

Tun a kasuwa ki roƙi mai kifi ya fere miki tsokar daga jikin ƙaya, ɓari biyu. Kada ki bar kan da ƙashin a can, ki taho da su, farfesun gobe ne. Ki duba idon kifin ya zama garau, ƙarƙashin kunnensa ja, idan kin danna tsokar da yatsa ta dawo. Idan na ƙanƙara ne ki sa shi a firij tun dare ya saki a hankali, ko ki ƙulle shi a leda ki tsoma cikin ruwan sanyi. Ban da ruwan zafi, yana dagargaza tsokar.

Ki wanke kifin da lemon tsami guda don ƙarni ya fita, sannan ki sami tsumma mai tsabta ki tsane shi tas, gaba da baya. 'Yar'uwa, duk sirrin girkin nan yana wannan wajen. Kifin da ya shiga wuta da ruwa a jikinsa turara zai yi, rigar ta saɓule ta zauna a gindin faranti, ki rasa gane kifi kika yi ko miya.

Ki kunna obin ya yi zafi tun kafin kifin ya shiga, a ma'auni 200. Ki shafa ɗan mai a farantin gashi, ki jera yankan ba tare da sun hau juna ba. A wani kwano ki haɗa cuku da bama da bota da tafarnuwa da masoro da barkono, ki matse rabin lemon tsami, ki juya har ya haɗe ya yi kauri. Kada ki yi saurin sa gishiri ko dunƙule, cukun nan gishirinsa ya ishe shi, ki ɗanɗana tukuna. Ki shafa haɗin a saman kowane yanka da bayan cokali, ki ɗan danna shi ya kama.

Ki sa a obin minti 12 zuwa 15. Ƙa'idar masu girki ita ce minti 10 ga kowane kaurin inci ɗaya, don haka siririn yankan karfasa zai riga giwan ruwa nuna. Ba a juya shi. Idan obin ɗinki yana da wutar sama, ki kunna ta a minti 2 na ƙarshe ki tsaya a wajen, domin tsakanin ja da ƙonewa ƙiftawar ido ce. Alamar nuna ita ce ki sa cokali mai yatsu a wuri mafi kauri, tsokar ta yi fari fat tana rabuwa sala-sala. Ki sauke, ki bar shi ya huce minti 3, ki watsa ganyen albasa, ki ajiye ragowar lemon a gefe.

Wadda ba ta da obin fa?

Yadda ake gasa kek a tukunya haka za ki yi. Ki zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, ki rufe ki ɗora a wuta ya ɗauki zafi kamar minti 10, ki ɗora farantin silba mai kifin a kan yashin, ki rufe. Sai ki ɗebo garwashi ki zuba a kan murfin, shi ne zai ba ki jan saman. Ki ba shi kamar minti 20, kada ki riƙa buɗewa kowane lokaci zafin yana gudu.

Maganar cuku

Parmesan sai a manyan kantuna, kuma na san ba kowace aljihu ce za ta ɗauka ba. Cukun Cheddar ya fi sauƙin samu kuma yana yi, sai dai ya fi narkewa, don haka ki rage botar. Cukun nan mai laushi da ake naɗewa a takarda mai ƙyalli ana shafa wa burodi bai dace ba, narkewa yake yi ya ƙi ƙamewa. Wadda kuma ke da hanyar samun busasshen cukun Buzaye da Fulanin Nijar, irin na wajen Agadas da Tawa da ake ci da shayi ko a daka a fura, to ta daka shi lukui ta haɗa da botar da bama. Ɗanɗanon ya bambanta da na Italiya, kuma za ki buƙaci ɗan gishiri, amma yana ba da ɓawo mai daɗin tauna. Wani abin lura shi ne, Parmesan na asali da sinadarin da ake cirowa daga tumbin ɗan maraƙi ake daskarar da madararsa. Wadda ke son kauce wa shakku ta karanta jikin ledar, akwai irinsa da ake yi da sinadarin da ba na dabba ba, wasu ma suna ɗauke da tambarin halal.

Da me za a ci?

Idan kika ɗora kifin nan a kan tulin shinkafa, kin yi daɗi amma kin bar manufar. Abokin tafiyarsa ganye ne. Ni na fi son sa da kwaɗon zogale mai ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa, ko kabeji da karas da aka ɗan soya sama-sama, ko alayyahu da aka turara. Giram 100 na kabeji sitacin da ke ciki bai wuce giram 6 ba, don haka ki cika rabin farantin da shi ba tare da fargaba ba. Abin sha kuwa ruwa, ko zoɓo marar sukari. Lemon kwalba guda ɗaya ya isa ya rushe duk wahalar da kika yi. Ki yi ƙoƙari ki ci da wuri, awa biyu ko uku kafin kwanciya.

Ga amare kuma, kada ki ce tunda kina rage ƙiba sai maigida ya bi ki dole. Ki dafa masa 'yar shinkafarsa ko dankali a gefe, kifin dai ɗaya ne, ku zauna ku ci tare. Ki jera shi a faranti mai kyau da yankan lemon tsami da tumatir a gefe, ido ne ke fara ci kafin baki.

Jan kunne

Kada wata ta ji wannan bayani ta ɗauka sitaci guba ne. A shekarar 2018 masana a jami'ar Stanford ta Amurka sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi da mutum 609 na tsawon wata 12. Rabi sun rage sitaci, rabi sun rage kitse. Masu rage sitaci sun zubar da kimanin kilo 6, masu rage kitse kilo 5 da ɗoriya, wato babu wani bambanci na a zo a gani. Abin da aka nemi duka ɓangarorin su yi shi ne yawaita ganye, rage sukari da farar fulawa, da yin girki a gida. Ashe tsarin da ya fi shi ne wanda mutum zai iya jurewa ya daɗe a kansa.

Ku kuma ƙannena 'yan makaranta, da ku nake musamman. Jikinku bai gama girma ba, kuma ƙwaƙwalwa ita kaɗai tana cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuzarin da jiki ke ƙonawa. Ki sha kokonki da ƙosai da safe, ki ci abincin rana ki ƙoshi, na daren ne za ki sassauta, shi ma sau biyu ko uku a mako ya wadatar. Cikowar ƙirji da ƙugu a shekarun balaga halitta ce, kada tsiyar ƙawaye ta sa ki yaƙi jikinki.

Mai ciki da mai shayarwa kada su canza tsarin cinsu sai da shawarar asibiti. Idan za ki yi wa Mama ko Baba mai ciwon sukari wannan girkin, ki sani cewa wanda ke allurar insulin ko shan wasu ƙwayoyin rage sukari, idan ya yanke sitaci farat ɗaya sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa har ya suma, don haka a fara jin ta bakin likita. Mai hawan jini kuma a rage masa cukun, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato ƙasa da ƙaramin cokali guda. Bota da bama su ma kitse ne, cokalin da na faɗa shi za ki auna, ban da ƙari don santi.

Idan kifin ya yi saura, ki rufe shi ki sa a firij, ki cinye cikin kwana biyu, ki ɗumama shi a kasko da 'yar wuta kaɗan. Inda babu tabbacin wutar lantarki kuwa, ki gasa daidai cikinku kawai.

To 'yan'uwa, gani ya kori ji. Ku gwada a ƙarshen makon nan, ku rubuto mini irin kifin da kuka yi amfani da shi da yadda mutanen gida suka karɓe shi. A fitowa ta gaba, idan Allah ya kai mu, za mu yi farfesun kan kifin nan da na ce kada a bari a kasuwa. Na bar ku lafiya.