Raba Kalmomi da Haɗa Su: Kurakuran da Suka Fi Yawa a Rubutun Ɗalibai

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa duba takardun jarrabawar Hausa ya san irin ciwon kan da ake sha. Ɗalibi ya san amsa sarai, amma sai an karanta jimlarsa sau biyu ko sau uku kafin a gane inda ya dosa. Galibin matsalar daga wuri ɗaya take: ɗalibai suna rubuta abin da kunne ya ji, alhali kunne ba ya jin iyakar kalma. Wannan takarda za ta duba wurare huɗu da aka fi yin tuntuɓe.

Ƙa'idojin nan ba yau aka shimfiɗa su ba. An tattauna rubutun Hausa a taron UNESCO na Bamako a 1966, aka sake zama a Yamai a 1980 domin daidaita rubutun Nijar da na Nijeriya, sannan a 1999 ma'aikatar ilimi ta Nijar ta tabbatar da ƙa'idojinta a hukumance. A 2025 kuma aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Ashe ke nan, wanda ya fita daga wannan sashe da kuskure a alƙalaminsa, ƴaƴan mutane zai je ya koya wa.

2.0 Lamiri da aikatau

Lamirin suna kalma ce mai zaman kanta, ba a liƙa shi da aikatau. Idan aka liƙa, sau da yawa wata kalma dabam ake samu:

ta fi (fifiko) / tafi (barin wuri)
ta ce (magana) / tace (tace koko)
na ce (magana) / nace (naci)
ta yi (aikatawa) / tayi (na ciniki)

Lokacin da nake karatu a Turai, wata ɗaliba mai koyon Hausa ta kawo mini wasiƙar da aka aiko mata, inda aka rubuta "tayi aure". Ta duba ƙamus ta ga tayi na ciniki ne, sai ta ɗauka farashi ake sa wa auren. Bahaushe zai gane nufin daga muhallin zance, amma shi ma sai ya ɗan tsaya, kuma wannan tsayawar ita ce harajin da marubuci ya ɗora wa mai karatu.

Ga gwaji mai sauƙi: a saka ma ko kuma tsakanin sassan biyu. Ana cewa "ta ma fi", ana cewa "ya kuma ce". Tunda wata kalma ta sami wurin shiga, kalmomi biyu ne.

3.0 Inda ake haɗawa

Abin mamaki, ɗalibin da ya haɗa "yace" shi ne kuma zai raba "ya na". A lokaci mai ci da lokaci sabau, lamiri da alamar lokaci a haɗe suke: yana, tana, suna, yake, suke, yakan, mukan. Haka ma muka, kuka, suka. Gwajin da ya gabata yana aiki a nan ma, domin babu mai cewa "ya ma na zuwa". Amma za ta lokaci mai zuwa ana raba ta: za mu, za ku, za su. Zan da zai ne kaɗai suka dunƙule, saboda taƙaitawa ce ta za ni da za ya.

A nan ne kuma ake rikita akan da a kan. A duba: "Akan ajiye tulu a kan murfi?" Ta farko lokaci sabau ce, ta biyu kuwa wuri take nunawa, wato bisa.

4.0 Karɓau da mallaka

Wakilin suna da ya biyo bayan aikatau a matsayin karɓau ana raba shi: ya gan ta, sun kama shi, ka ba ni. Na gajeruwar mallaka kuwa, wanda ke bin -n ko -r, a haɗe yake: gidansa, motarta, garinmu. Don haka ake rubuta "ya gan ta" a rabe, amma "yana ganinta" a haɗe, saboda gani a jimla ta biyu suna ne, kamar yadda gida yake suna.

5.0 Ƙugiya da tasirin Faransanci

Barin ƙugiya ma yana sauya ma'ana. Kafa dabam, ƙafa dabam. Haka doki da ɗoki, bari da ɓari. Wanda ya rubuta wa mace mai ciki ɗaya a maimakon ɗayan ya san ba ƙaramin abu ya yi ba. A da ana fakewa da keken rubutu, yanzu kuwa ana iya saka madannan Hausa a waya da kwamfuta. A lura kuma, abin da muke rubutawa da ƴ, a Nijeriya 'y ake rubutawa. Kowanne daidai ne a ƙasarsa, sai dai kada a gauraya su a takarda ɗaya.

Waɗanda suka fara boko da Faransanci suna da tasu matsalar: ou a maimakon u, ch a maimakon sh, tch a maimakon c. Sunan Tahoua ko Dogondoutchi a takardun gwamnati wani abu ne dabam. A cikin jimlar Hausa kuwa, kunu da shinkafa da ciki ake rubutawa.

6.0 Aikin gida

A gyara waɗannan jimloli, a kuma faɗi ƙa'idar da aka karya a kowane wuri:

(a) Tace zasu zo gobe da dan su.
(b) Su na zaune akan tabarma.
(c) Ya kan bani chayi a dakin sa.