Hannun jarin da aka jefa ƙasan akwati: gaskiya da jita-jita

A gidaje da dama akwai satifiket na hannun jari da aka saya wajen 2007, lokacin da kasuwar ke tashe, yanzu yana naɗe cikin leda a ƙasan akwati. In ka tambaya sai a ce ai gwamnati ta cinye ribar tuntuni. Wannan magana ta fi kowace jawo wa mutane asara, kuma ba haka abin yake ba.

Gaskiya ne Dokar Kuɗi ta 2020 ta ce ribar kamfanonin da ke kasuwar hannun jari, in ta yi shekara 6 ba a karɓa ba, a mayar da ita wani asusu da gwamnati ke iya rance daga ciki. Amma amana ce. Duk ranar da mai haƙƙi ya zo, dole a biya shi. Hanyar kuwa ita ce a cike fom na biyan riba ta asusun banki, a haɗa da lambar BVN, a miƙa wa banki ko rajistaran kamfanin.

Haka batun mamaci. Hannun jari dukiya ce da ake gada kamar gida ko gona. Magada za su samo takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu, su kai wa rajistara a sauya suna. Akwai zirga-zirga, amma abin takaici ne marayu su rasa kuɗin makaranta alhali haƙƙin mahaifinsu na ajiye.

Inda masu cewa kuɗi ya bi ruwa suka yi gaskiya shi ne kamfanin da ya durƙushe. Mai hannun jari ne na ƙarshe a layi, sai an sallami masu bin bashi. Waɗanda suka zuba kuɗi a Afribank, Spring Bank da Bank PHB sun ɗanɗana wannan a 2011, da aka soke lasisin bankunan. Sai dai ba wanda zai biyo ka gida da bashin kamfani muddin ka biya kuɗin hannun jarinka cif.

Ana kuma cewa taron shekara na kamfani na manya ne. Dokar Kamfanoni ta 2020 ta ba kowane hannun jari ƙuri'a ɗaya, ta wajabta sanarwar kwana 21 kafin taro, ta yarda ka tura wakili. Masu riƙe da kashi 10 cikin 100 na jarin in sun haɗa kai za su iya tilasta kiran taro na musamman, kuma rinjayen ƙuri'a na tsige darakta.

Rabon riba kam ba dole ba ne kowace shekara. Daraktoci ne ke ba da shawarar adadi, taro na iya ragewa amma ba ya iya ƙarawa. Da zarar an ayyana ta, ta zama bashi a wuyan kamfani, kuma wanda aka hana na iya kai kuka hukumar kula da kasuwar hannun jari (SEC) ko Babbar Kotun Tarayya.