Me Ya Sa Ƙofar Mota Ke Jan Mutum Da Hunturu?

Da zarar hunturu ya kama, leɓe ya fara tsagewa, kaushi ya fito, sai a soma jin ƙorafi: wane ya taɓa ƙofar mota ta ja shi, wance ta cire hijabi da daddare ta ji tas-tas, har ta ga ɗan tartsatsi a cikin duhu. Wasu su ɗora wa iskoki laifi, wasu su ce jinin mutum ne ya yi ƙarfi. Ko ɗaya ba haka ba ne. Lantarki ne, sai dai ba mai gudu a waya ba. Wannan kwantacce ne, taruwa yake yi a jiki ya yi zamansa har ya samu mafita.

Duk abin da ido ke gani, daga tufa zuwa fatar mutum, ƙwayoyin zarra ne suka haɗu suka yi shi, kuma kowace tana ɗauke da wasu ƙanana da ake kira ilektaron. Idan abu biyu mabambanta suka gogi juna, ɗaya kan kwashi ilektaron ɗin ɗaya, sai wannan ya yi rara, wancan ya yi giɓi. Ɗan firamaren da ke goga biro a gashinsa ya ɗauki guntayen takarda, wannan aikin yake yi bai sani ba. Girkawa sun lura da haka tun dā a jikin daskararren ƙaron itace, kuma a 1600 likitan nan na Ingila, William Gilbert, ya nuna cewa gilashi da wasu abubuwa da dama ma suna yi.

To me ya haɗa shi da hunturu? Laima. Da damina akwai ɗan danshi da ido ba ya gani a kan komai, ta nan lantarkin ke zurarewa kafin ya taru. Iskar da ke busowa daga Sahara kuwa busasshiya ce ƙayau, ta toshe wannan hanya. Ga shi kuma mun rungumi yadin roba da takalmi mai tafin roba. Ka zauna kan kujerar mota, riga ta yi ta gogar kujera, ka sauko takalmin ya hana abin shiga ƙasa, kana kai hannu ga ƙarfe sai ya yi tsalle. Mai sa auduga ba ya cika shan wannan wahalar, don auduga na riƙe danshi.

Kafin tartsatsi ya keta iska tsawon milimita 1, sai ƙarfinsa ya kai kusan bolt 3,000, alhali wutar gida 230 ce. Abin da ya sa ba ya kisa shi ne yawansa bai taka kara ya karya ba, kuma kafin ƙiftawar ido ya wuce. Idan ya taru da yawa a cikin hadari, shi ne walƙiya, kamar yadda Benjamin Franklin ya nuna a Amurka a 1752.

Inda abin ya daina zama wasa shi ne kusa da fetur. Tururin fetur ba ya bukatar ashana, ɗan tartsatsin nan ya ishe shi. Shi kansa man, yayin da yake gudu a cikin tiyo, yana tara lantarki, shi ya sa ƙa'ida ita ce a haɗa tanka da ƙasa ta waya kafin a sauke mai. A ganina, 'yan bumburutu da masu janareto ne suka fi bukatar jin wannan bayani, domin su ne kullum cikin juye mai daga jarka zuwa galan.

Don haka mai karatu, in za a zuba maka mai a jarka, sauke ta ƙasa, kada a cika ta a cikin but. In ka fito daga mota a gidan mai, fara dafa ƙarfen jikinta nesa da bakin tanki, kuma kada ka koma ciki sai an gama zubawa.